Rakiyar da Na Roƙa a Bakin Dam

Likita ne ya jawo mini, kowa ya shaida. Ina zaman zamana a Dutsin-Ma, mutum mai cikar zati, ga tsayi, ga gemun da wanzami ke gyarawa duk Juma'a, sai wani likita da bai kai sa'an ƙanina ba ya ɗaura mini abin awo a damtse ya ce wai jinina ya hau, wai tumbina ya yi yawa. Tumbin da idan ya shigo taro ake tashi a ba shi kujera! Ya ce dole in riƙa motsa jiki.

To ni Alhaji Badamasi ba zan yi ta zagaye filin ƙwallo da sassafe kamar wanda ya yar da makulli ba. Na aika Katsina aka sayo mini keken hawan dutse. Na gwanjo ne, amma da ransa: taya mai kaurin damtse, giya hagu da dama, shokozoba a gaba, birki mai faifai irin na babur. Na haɗa da hular kwano da baƙin gilashi, da wani wando mai kama jiki wanda matata Rekiya ta rantse ba za ta shanya shi a igiyar tsakar gida ba, saboda idon maƙwabta.

Da an bar ni da kwaltata, da yanzu lafiya lau nake. Amma akwai Rabe. Taubashina ne, hatsi yake kawowa daga Ɗantutture ta ƙasar Kurfi, kuma duk ranar kasuwa sai ya biyo ya cinye mini tuwo ya zage ni ya tafi. Rannan ya zagaya keken, ya danna taya da yatsa, ya ce:

"Alhaji, wanga ai na hawan dutsi ne. Kai kuwa an ce kullum daga ƙofar gida sai teburin mai shayi. Ko shi keken bai yi maka kuka ba?"

"Kai me ka sani a keke, mai jaki?"

"Na san akwai turbar masunta bayan Karofi, wadda ta bi gefen tsauni ta bakin dam. In ka bi ta ka fito da haƙoranka duka, na yarda kai ne yayana."

A gaban Rekiya ya faɗa. Kuma ta yi dariya. Ku gaya mini, wane namiji ne zai haɗiye wannan?

Washegari da na idar da La'asar na ɗaura hula. Rekiya ta biyo ni har zaure tana cewa, "Alhaji, ka san halin da ake ciki a dajin nan. Don Allah ka dawo kafin magariba." Na ce mata ta ɗora ruwan wanka kawai. Ni duk tunanina a kan ɓarayin daji yake, kuma na riga na yanke cewa in sun tare ni zan ce musu ni mai faci ne, gwajin keken wani nake yi.

Turbar ta fara da daɗi. Na bar kwalta, na ratsa gonakin wake da aka gama roro, na shiga tsakuwa. Daga nan ƙasa ta ƙare, dutse ya karɓa. Hanyar ba ta fi faɗin tabarmar sallah ba. Ta hagu tsauni ne da sarƙaƙiya, ta dama gangara ce har cikin ruwa. Ruwan ya kwanta shiru, ya yi jawur da hasken yamma. Can nesa wani kwalekwale na komawa gaɓa. Keken na tsalle, shokozoba na haɗiyewa, ni kuwa ina ta addu'ar Allah ya kawo wanda zai gan ni. Ba kowa, sai balbelu.

Na gangara wani kwari, na ɗaga kai, sai ga hawa a gabana kamar bango. Na sauke giya, na taka, na taka, cinyoyina suka ɗauki wuta. Sai ji na yi ƙaras! Sarƙa ta zame. Na dire ina haki, zuciyata na dukan haƙarƙari, maganar likitan nan na yi mini yawo a ka.

A nan na gan shi.

Wani tsoho ne zaune a kan falalen dutse, gindin wata kanya, ƙafafunsa na dab da ruwa. Riga ce a jikinsa irin ta saƙi, wadda rabona da ganin irinta tun kakana na raye. Ba taru a gabansa, ba ƙugiya, ba sanda. Zaune kawai yake yana kallon ruwa.

Na yi sallama. Ya amsa a hankali, ya cika ta har ƙarshe.

"Sannu da hutawa, Baba. Nan kusa gida yake?"

"Shina nan ƙasa," ya ce, ya nuna da haɓa. Na ɗauka wata 'yar ruga ce a bayan gangaren.

Na tsuguna na mayar da sarƙa, hannuna ya yi baƙi ƙirin. Na dubi hawan. Na dubi keken. Na dubi tsohon, na ga duk da tsufansa kafaɗunsa a miƙe suke. Sai wata dabara ta zo mini. Ni fa mutum ne mai wasa da jama'a, duk Dutsin-Ma an san ni. Na ɓata fuska kamar an yi mini laifi, na ce:

"Haba Baba! Baƙo ya zo har ƙofar gidanka, ya gaishe ka, zai tafi, ko ka ɗan taka masa? Mu a birni ba mu san haka ba."

Ya juyo ya dube ni. Ya daɗe yana dubana.

"Rakiya kaka so?"

"Ita fa, Baba."

"Kai ka roƙa," ya ce. Ya miƙe.

Kamar yadda kowane mai rakiya na kirki ke karɓar kayan baƙo, ya miƙo hannu ya kama kan keken. Abin da nake so ke nan. Ya shiga gaba yana turawa, ni kuwa na biyo baya hannu a aljihu, ina shan iska, ina tsara yadda zan ba Rabe labarin na haye tsaunin nan ban sauka daga sirdi ba.

Kada wani ya koya mini yadda rakiya take, na sani. Mai rakiya ba ya cewa ya gaji. Baƙo ne ke tsayawa ya ce, to ya isa haka, a koma gida, na gode. Sai an sallame shi yake juyawa. Ai da muka kai kan tudun farko tsohon ya tsaya. Ya dafa sirdi, ya ɗan kalle ni, yana jira. Ni kuma na hango wani hawan a gaba, wanda ya fi na farko. Sai na shiga gyara igiyar hulata, na ce, "Kai, wurin nan da kyau yake, Baba."

Ya ci gaba da turawa.

Muka iso wani ɗan rafi da ya ƙafe. Ya sake tsayawa a bakinsa. Na yi kamar ina duba waya. Wa zai ce shi ba zai yi haka ba, ga tsauni, ga ciwon jini, ga mai turawa kyauta?

Rana ta faɗa bayan dutse. Jan ruwan ya koma toka. Kwaɗi suka fara, gyare ya karɓa. Muna cikin hawa na biyu ne na fara jin warin. Ƙarni ne, irin na taɓon ƙasan rijiya idan an yashe ta. Na ce ko iska ce ta kwaso shi daga dam. Amma iskar daga tsauni take busowa.

Na so in kori shirun da hira. "Baba, kana zuwa kasuwar Dutsin-Ma kuwa?"

"Tun da ruwa ya taho ban je ba."

"Na damina?"

"Wanga dai." Ya nuna dam ɗin da haɓa.

Dam ɗin da aka gina ina cikin zanin goyo.

Na yi dariya don in ji muryata. Dariyar ta fita ita kaɗai, ta dawo. A lokacin ne na lura da wani abu. Hawan nan ya isa ya sa jaki nishi. Ina jin hakina, fuu, fuu. Ina jin tsakuwa a ƙarƙashin taya. Ina jin sarƙa na ƙis-ƙis.

Numfashi ɗaya ne a kan tsaunin nan. Nawa.

Na sunkuyar da kai. Dutsen ya sha rana tun safe, har ta cikin takalmi ina jin ɗuminsa. Amma duk inda tsohon ya ɗaga ƙafa, sai ya bar sawu a jiƙe. Caɓ. Caɓ. Gefen rigarsa na ɗiga.

Muka kai ƙololuwa. Daga can na hango fitilun gari, ƙanana, nesa. Ya tsaya. Ya saki kan keken. Inda ya riƙe duk gansakuka ce, kore shar, da wata 'yar katantanwa tana tafiya a kan birki.

Ya juyo yana jira.

Yanzu kowa na cewa ai a nan ya kamata in sallame shi. Sannunku da hikima, kuna zaune a kan benci! Wa ke tuna ladabi yana neman hanyar tsira? Na fizgi keken, na haye, na saki birki.

Gangarar ta haɗiye ni. Duwatsu na dukan taya, haƙorana na karo da juna, ƙaya na yagar wandon nan. Gilashin ya faɗi, ban waiwaya ba. Ruwa na ta dama, baƙi wuluk, kuskure kaɗan in tafi ciki. Iska na kuka a kunnena.

A ƙarƙashin kukan iskar, ina jin sa.

Caɓ. Caɓ. Caɓ.

Ba gudu yake yi ba. Tafiya ce ta dattijo, a natse. Kuma tana kafaɗata ta hagu.

"A hankali, Alhaji," aka raɗa mini. "Akwai rami gaba."

Akwai kuwa. Na kauce.

"Bi ta dama. Dutsin nan na motsi."

Na bi ta hagu don taurin kai. Dutsen ya juya. Tayar gaba ta cije, ta baya ta tashi, na ga sama, na ga ruwa, na ga sama. Na faɗi a kafaɗa, hular kwano ta daki dutse ta tsage. Na mirgina har ƙafafuna suka leƙa gangaren. A ƙasa ruwa na lasar duwatsu.

Hannu ya kama wuyan rigata. Sanyinsa ya ratsa har ƙashin bayana. Ya jawo ni sama kamar buhun ƙaiƙayi.

Fuskarsa na dab da tawa. Ruwa na tsiyaya daga kunnuwansa. A cikin gemunsa ƙananan katantanwa ne jere. Matsattsaku ya lafe a wuyansa, ya ƙoshi. Idanunsa ba sa ƙiftawa, kuma babu fushi a cikinsu ko kaɗan.

Na kama Ayatul Kursiyyu da ƙarfi. Na kai tsakiya na sarƙe.

"Ka yi tsallake, Alhaji," ya ce a hankali. Ya ɗora mini daga inda na ɓata, da ƙira'a mai kyau, ya kai ta ƙarshe. Ya shafa.

Sannan ya ɗaga keken, ya daidaita kansa da ya karkace, ya riƙe mini sirdi.

"Hau. Magariba ta yi."

Na hau.

Ban san yadda na fito gonakin wake ba. Na dai ji kwalta a ƙarƙashina, na ga fitilar wata motar haya, na ji ƙamshin tsire. 'Yan acaɓa na wucewa, ɗaliban jami'a na tafe suna dariya. Na ce na tsira. A bakin kwaltar na ji takun ya tsaya, na ɗan lokaci. Ban waiwaya ba, na ƙara wuta.

Sai ya ci gaba. Caɓ. Caɓ.

Ana fitowa daga masallacin unguwarmu na shigo layi. Wani ya ce, "Alhaji, an sha hanya!" Na faɗa zaure da keke da komai, na jingina da bango, na zame na zauna a ƙasa.

Aka yi sallama a bakin ƙofa.

Ban amsa ba. Amma daga cikin gida Rekiya ta amsa, ta ƙara da cewa, "A shigo mana."

Ya shigo. Ƙarnin ya cika zauren. A lokacin ne maganar ta faɗo mini, kamar an tsinka mini mari.

"Baba," na ce, muryata ba ta fi ta sauro ba. "Ya isa haka. A koma gida. Na gode."

"Yanzu?"

"Don girman Allah."

"Na tsaya maka kan tudu. Na tsaya bakin rafi. Na tsaya kan tsauni, na tsaya bakin kwalta." Yana faɗa yana kallon ƙasa, kamar mai jin kunya. "Ba ka ce komi ba. Ga shi na kawo ka gida. An ce in shigo, na shigo. Yanzu ni ne baƙo."

"To... to me kake so?"

"Sai ka taka mani."

"Zuwa ina, Baba?"

"Sai inda na ce maka ya isa."

Rekiya ta ɗaga labule da fitila a hannu. Ta gan ni a zaune a ƙasa, jini a kafaɗa. Ta ga ruwa kwance a zaure har yana gangarawa waje. Shi ba ta gan shi ba. Ta ce, "Alhaji, wa ya yi sallama?"

Tun daga ranar, kullum rana ta faɗi sai ya yi sallama. Ba ya shiga cikin gida, ba ya taɓa kowa, ba ya fasa ko kofi. A zaure yake tsayawa, kusa da keken, har a kira Isha'i, sannan ya ce, "To, sai gobe." Simintin wurin ya yi kore. Keken ya yi tsatsa har sarƙar ta haɗe, na ba mai gwangwan kyauta ya ce ba ya so.

An kira Malam Mutawakkil, wanda duk unguwa ke kai wa masu iska. Ya zo da turare da rubutu, ya shiga zauren da magariba, ya ce a rufe. Da ya fito, gefen rigarsa a jiƙe, ya ƙi zama.

"Alhaji, mun yi magana. Mutumin kirki ne."

"Mutumin kirki! Malam, korar shi na kira ka ka yi, ba neman aurensa ba."

"Da cuta ya zo yi, da na san abin karantawa. Shi kuwa alheri ya yi maka, har ranka ya ceta. Haƙƙinsa yake jira." Ya sa takalmi. "Ni ban san addu'ar da ake korar mai gaskiya da ita ba."

Na gudu Ɗantutture wurin Rabe, tunda shi ya ƙulla abin. Garin da ko rijiya sai an yi layi, da magariba zaurensa ya cika da ruwa. Na ja shi gefe na ce, "Rabe, wani dattijo ne a zaure, babban mai sayen wake. Ɗan taka masa mana, ku yi ciniki a hanya." Ya leƙa, ya ga ruwan, ya shaƙi ƙarnin, ya dawo yana ja da baya.

"Alhaji, baƙonka ne. Ni ban roƙi kowa rakiya ba."

Wai ɗan'uwa ke nan. Tuwon da ya ci a gidana ya isa a buɗe makarantar kwana. Amma da gari ya waye shi ya mayar da ni Dutsin-Ma, kuma a hanya ko sau ɗaya bai zage ni ba. Wannan ya fi komai tayar mini da hankali.

Makon jiya na gaji. Na ce wataƙila dattijon kunyata zai ji. Da ya yi sallama na amsa, na ce, "Mu je, Baba."

Muka fita. Ya shiga gaba, ina bin sawunsa. A bakin layi na tsaya, na yi gyaran murya. Ya ce, "Unguwar nan taku da kyau take." Ya ci gaba. A bakin masallaci na sake tsayawa. Ya shiga gyara wuyan rigarsa. Na so in juya, ƙafafuna suka ƙi. Ashe mai rakiya da gaske ba ya juyawa.

Mun bar fitilun gari a baya, har na fara jin kwaɗi, sai ga Rekiya, ba ko mayafi, a bayan babur ɗin Rabe, wanda ya zo cin kasuwa rannan. Su biyu suka kama ni, suka kayar, suka ɗora ni a tsakiya kamar ragon layya. Ina ji a bayana ya ce, ba tare da ɗaga murya ba, "Ba komi. Gobe ma rana ce."

Yanzu da La'asar ta yi Rekiya ke kulle ni a ɗaki ta zauna a bakin ƙofa da carbi. Ta rame. Ƙofar ma ta fara kumbura daga ƙasa, sakatar ba ta shiga sai an doka. Jiya ƙafafuna suka kai ni jikin ƙofar da kansu, na tsaya goshina a kan katako har aka yi Isha'i. Ƙofa dai katako ce, Rekiya kuma mutum ce, wata rana barci zai ɗauke ta.

Ɗazu na ce ta fito mini da farar shaddata mai aiki a wuya ta kai wa mai guga, ta aika wanzami ya zo ya gyara mini gemu. Ta tsaya tana kallona, ta ce, "Alhaji, ina za ka?"

Na ce mata ba ko'ina. Amma hanyar dam ɗin nan ta tsakiyar kasuwa ta bi, kuma ba zan yarda mutanen Dutsin-Ma su gan ni a yamutse ba.